Tsabtace Na'urar Auna Iskar Gas da Kula da Ita a Ƙasar Ƙura da Zafi

Duk ma'aikacin da ya taɓa tsayawa a bakin tankin mai, ko a gefen ramin masai, ko a ƙofar ɗakin janareta riƙe da na'urar auna iskar gas, ya san yadda hankali kan kwanta da zarar an ga sifili a fuskarta. Sai dai sifilin nan iri biyu ne, kuma ido ba ya rarrabe su. Akwai wanda ke nufin babu guba a wurin, akwai kuma wanda ke nufin na'urar ta daina shaƙa, ko dai don ƙura ta toshe mata hanci, ko kuma don sinadarin da ke cikin hancin ya mutu tun makonnin baya ba tare da kowa ya sani ba. Injin niƙa idan ya lalace yakan tsaya, fitila idan ta mutu duhu yakan sanar da kowa, amma wannan na'ura tana iya kunnuwa lafiya lau, ta yi ƙararta, ta haska allonta, alhali ba ta jin komai. Saboda haka duk abin da za a yi mata na shara da gwaji da ajiya, manufarsa ita ce a tabbatar cewa sifilin da take nunawa na gaskiya ne.

A yankinmu na Chadi da arewacin Kamaru na'urorin nan sun yawaita fiye da yadda ake zato. Ana aiki da su a matatar mai ta Jarmaya da ke arewa da Njamena, wadda ta fara aiki a 2011, da rijiyoyin mai na yankin Doba waɗanda tun 2003 ake tura mansu ta bututu zuwa Kiribi, da masana'antar siminti ta Figil, da wuraren tatsar man angurya na Garwa da Marwa, ga kuma cibiyoyin duba lafiyar motoci da masu gyaran manyan janaretoci na asibitoci da otal-otal. Kusan dukkansu a Turai ko Amurka ko Sin aka ƙera su, kuma littafin da ke zuwa tare da su, wanda mu a nan da Faransanci muke samunsa, an rubuta shi ne da tunanin ƙasashen da ba su san hazo ba. Da yawa daga cikin ƙurar da ke rufe mana sama a lokacin hunturu daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda iska ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashe busasshiyar lakar wani tsohon tafki. Ƙurar tana da laushi kamar hoda, kuma babu kafar da ba ta shiga. Da hunturu ya wuce sai bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40 a inuwa. Shi ya sa ni a wurina, duk wa'adin da littafi ya ba da na duba filta, daga Nuwamba zuwa Maris raba shi biyu nake yi.

Hantunan da ke cikinta

Kafin a kai ga tsumma da burushi, wajibi ne a san abin da ake ƙoƙarin karewa. A cikin kowace na'ura akwai wasu ƙananan sassa da ake kira sensa, kowannensu bai fi murfin kwalba girma ba, kuma zan riƙa kiran su hantuna tun da aikin hanci suke yi. Na'urar aljihu da aka fi sani tana da guda huɗu: na oksijin, na kabon monoksaid, na haidurojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da na iskar da ke kama wuta.

Hantunan kabon monoksaid da haidurojin salfaid suna ɗauke da ɗan ruwan sinadari a bayan wata siririyar fata. Gas yakan ratsa fatar ya haɗu da sinadarin, sai a sami 'yar wutar lantarki wadda na'ura ke mayarwa lamba. Sukan yi shekara 2 zuwa 3, kuma masu ƙera su kan ce kada zafi ya wuce digiri 50, laimar iska kuma ta kasance tsakanin kashi 15 da 90 cikin ɗari. Duk wanda ya yi Fabrairu da Maris a Kusseri ko Njamena ya san cewa da rana laima takan faɗo ƙasa da haka, sai ruwan da ke cikin hancin ya riƙa ƙafewa a hankali, hancin kuma ya yi sanyin amsawa. Hancin oksijin na tsohon yayi yana da dalma a ciki wadda iska ke cinyewa tun daga ranar da aka fasa ledarsa, ko na'ura tana kunne ko tana kashe, don haka da wuya ya wuce shekara 2, kuma zafi yana ƙara gaggauta ƙarewarsa.

Hancin iskar da ke kama wuta kuwa wasu 'yan ƙwayoyi ne guda biyu masu siririyar wayar filatinam a ciki, waɗanda ake dumama su har kusan digiri 500. Gas yakan ƙone a kan ɗaya daga cikinsu, wadda aka shafa wa sinadari mai taimaka wa ƙuna, sai na'ura ta auna bambancin zafin da ke tsakaninsu. Wannan hanci ba ya ba da lamba ta gaskiya idan oksijin ya gaza kashi 10 cikin ɗari, kuma shi ne ya fi kowanne saurin shan guba. Akwai kuma hancin da ke aiki da hasken infrared, wani haske da ido ba ya gani, wanda aka fi samu a na'urorin auna hayaƙin mota da kabon dayoksaid. Shi guba ba ta kama shi kuma yakan daɗe, amma ƙura ko raɓa a kan gilashinsa suna rage hasken su ɓata lissafi.

Sharar kullum

Idan an tashi aiki, a kashe na'urar, a tuɓe mata rigar robar da ke jikinta, domin a ƙarƙashin rigar ne ƙura da gumi suke taruwa su zama laka. A jiƙa tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, a matse shi sosai, a goge jikinta da allonta da maɓallanta. Idan akwai maiƙo, ɗan sabulu marar ƙamshi ya wadatar, sannan a sake bi da tsumman ruwa zalla. Ko da an rubuta a jikinta cewa ruwa ba ya shigarta, kada a tsoma ta cikin bokiti, domin ruwan da ya kwanta a bakin hanci yana tare gas kamar yadda ƙura ke tarewa. Ramukan da iska ke shiga kuwa, a kifar da fuskar na'urar ƙasa, a karkaɗe su da burushi mai laushi irin na masu zane, yadda ƙurar za ta zubo waje maimakon ta nutsa ciki. Kada a sa allura ko tsinke, kuma kada a kai ta wurin mai faci a hura mata iskar kwampreso. Iskar tana da ƙarfin da zai fasa fatar hanci, tana kuma tafe da ɗigon mai da ruwa. Bayan gogewa a bar ta a inuwa ta bushe kafin a kunna ta ko a sa ta caji.

Abubuwan da ba za su taɓa jikinta ba suna da yawa, kuma abin takaici su ne aka fi samu a kusa a garaji: fetur, kananzir, tina, ruwan javel, maganin sauro na fesawa, da duk wani abu mai sipirit. Tun daga 2020 da ruwan goge hannu mai sipirit ya shiga kowane ofis, an sha ganin na'ura tana kuka da kabon monoksaid a wurin da babu ko garwashi, saboda wannan hanci yana amsa wa sipirit, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya dawo daidai. Turaren fesawa ma haka yake yi, don haka mai son ƙamshi ya bari sai ya tashi aiki.

Mafi muni a cikinsu duka shi ne silikon. Ana samun sa a feshin da ake ƙyalƙyala dashbod na mota da shi, da gam ɗin liƙe gilashi, da wasu feshin sassauta kusoshi, da man gashi da man shafawa iri-iri, wanda kuwa da hunturu babu mai fita bai shafa ba. Idan tururinsa ya kai ga ƙwayar nan mai zafi, yakan ƙone ya bar wani ɓawo kamar gilashi a kanta, kuma babu wankin da ke cire shi. An taɓa kawo mini wata na'ura daga wani kamfani, sabuwa fil, ba ta fi wata huɗu a hannunsu ba. Da na ba ta gas ɗin gwaji wanda ya kamata ta nuna 50, ko 10 ba ta kai ba. Da na bincika sai na gano cewa a aljihun gaban mota take kwana, direban kuwa mutum ne mai tsabta, kullum da safe sai ya feshe gaban motar. Har ranar da aka kawo ta, sifili take nuna musu a bakin kowane tanki. Don haka a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wajen hantuna, kuma a raba ma'ajiyarta da ta kayan feshi.

A bayan ramukan iska akwai wata farar filta siririya. Idan ta koma ruwan ƙasa, ko mai ya taɓa ta, ko ta yage, canza ta ake yi, ba a wanke ta. A buɗe na'urar a ɗaki mai rufi, da sassafe kafin iska ta taso, a kan farar takarda yadda ƙananan kusoshi ba za su ɓace ba, kuma a kula robar da ke zagaye da murfi ta koma mazauninta daidai. Idan jikin na'urar ya tsage, kada a liƙe da gam ko salatif a ci gaba da shiga wurin mai da ita, domin jikin yana daga cikin abin da ke hana ta tayar da wuta, kuma tsaguwa ta rushe wannan kariya.

Gwajin shaƙa na kowace safiya

Hanya ɗaya ce tak ta sanin ko hanci yana da rai, ita ce a ba shi gas ɗin da aka san adadinsa a ga abin da zai ce. Ana sayar da ƙaramar tukunyar gas ta gwaji mai gauraye huɗu, kuma wadda aka fi gani tana ɗauke da haidurojin salfaid ppm 25, wato kashi 25 cikin miliyan, da kabon monoksaid ppm 100, da mitan, wata iska mai kama wuta, kashi 2.5 cikin ɗari, da oksijin kashi 18 cikin ɗari. Wasu kamfanoni suna da nasu gaurayen dabam, don haka lambobin da ke jikin tukunya su ne za a bi, kuma dole su dace da waɗanda aka shigar wa na'urar.

Da farko a fita da na'urar wuri mai iska mai tsabta a kunna ta, a bar ta ta gama dumama. Oksijin ya kamata ya tsaya a 20.9, sauran kuma a sifili. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin mutum yakan tsaya a inuwar da aka saba zama, kusa da kaskon gawayin da ake dafa shayi, ko bayan janareta, ko inda 'yan moto ke jiran fasinja, ya danna maɓallin mayar da sifili. Idan iskar wurin tana da kabon monoksaid ppm 10, to an koya wa na'urar cewa 10 shi ne sifili, kuma duk inda ta je yinin nan za ta rage 10 daga gaskiya. Alamar haka ita ce a ga tana nuna lamba ƙasa da sifili idan an fita fili.

Bayan haka a ɗaura regileta, wato abin daidaita fitar gas, a kan tukunya, wadda yawanci rabin lita take saki a minti ɗaya, a haɗa gajeren tiyo zuwa murfin gwaji, a ɗora murfin a fuskar na'urar, a buɗe gas. Cikin kusan rabin minti ya kamata lambobi su hau, oksijin ya sauka, ƙara ta tashi, fitila ta haska, jikinta ya yi rawa. A duba ukun duka, domin a ɗakin inji ƙara ba ta jiyuwa, a tsakar rana kuma fitila ba ta ganuwa sosai, kuma ƙura takan cika ramin lasifika har ƙarar ta dushe. Galibin na'urori daga kamfani suke zuwa da ƙararrawar oksijin a 19.5 da 23.5, ta iskar wuta kuma a kashi 10 da 20 na ma'aunin da allo ke rubutawa LEL, ko LIE idan na Faransanci ne, wato mafi ƙarancin gas a cikin iska da zai iya kama wuta. Idan lambobi sun kai amma a makare, a fara zargin filta. Idan an canza filta ba su gyaru ba, sai a wuce ga saiti.

Wasu kan ɗauki laita su saki gas ɗinta a hancin na'ura, wasu kan kai ta bakin salansar babur. Gaskiya za ta yi kuka, amma kukan bai nuna ko lissafinta daidai ne ba, kuma gas ɗin laita ya ninka abin da aka ƙera hancin ya ɗauka sau da yawa, har yana iya lahanta shi. Hayaƙin babur kuwa yana tafe da mai da toka da tururi.

Saiti

A kasuwar auduga ba a yarda da sikeli sai an ɗora masa ƙarfen da aka san nauyinsa. Saiti, wanda littattafan Faransanci ke kira etalonaj, shi ne irin wannan aiki: ana ba na'ura gas ɗin da aka san adadinsa na tsawon kusan minti 2, ita kuma ta gyara lissafinta ya dace da shi. Yawancin kamfanoni kan ce kada a wuce wata 6 ba a yi ba. Ni ina ganin a yanayinmu wata 3 ya fi dacewa, musamman bayan bazara, sannan a yi shi nan take duk lokacin da na'ura ta faɗi gwajin safe, ko ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ko aka canza mata hanci, ko ta shiga gas mai yawan da ya wuce ma'auninta.

A duba ranar ƙarewar da ke jikin tukunya kafin komai. Haidurojin salfaid yakan ragu a cikin tukunya da daɗewa, kuma idan aka yi saiti da gas ɗin da ya yi rauni, an koya wa na'ura ƙarya ke nan da hannun mai gyara. A yi amfani da tiyon da ya zo da kayan, gajere kuma busasshe, domin robar banza da danshi suna shanye wannan gas kafin ya isa hanci. A yi aikin a wuri mai iska, kuma a bar na'ura da tukunya su zauna a ɗaki ɗaya na ɗan lokaci tukuna yadda zafinsu zai daidaita.

Akwai wani abu game da hancin iskar wuta da ya cancanci a tsaya a kansa. Idan da mitan aka saita shi, sannan aka kai shi tankin fetur, abin da zai nuna yana iya zama kusan rabin gaskiya, domin ƙwayar ba ta amsa wa tururi mai nauyi kamar yadda take amsa wa mitan. Gas ɗin girki na butan ma yakan fito ƙasa da yadda yake. Masu aikin gidajen mai da defo-defo su nemi a saita musu da fentan, wani gas mai nauyi da ya fi kusa da tururin fetur, ko su yi amfani da lambar gyara da ke cikin littafin na'urar. Amma kuma hancin da ya sha silikon, mitan yake fara daina ji kafin sauran, saboda haka ko da fentan ake saiti, yana da kyau a riƙa ba shi mitan lokaci-lokaci don a gano guba da wuri.

Kada kuma a raina ɗan kaucewar da hancin oksijin ke yi. Idan wata iska ta shigo ta mamaye kashi 5 cikin ɗari na iskar rijiya, oksijin da kusan maki ɗaya kawai zai sauka, daga 20.9 zuwa 19.9, ƙararrawa ba za ta ma tashi ba. Idan kuwa kabon dayoksaid ne ya shigo, kashi 5 ya isa ya jigata mutum, kuma na'ura mai hanci huɗu ba ta auna shi kai tsaye. Mutanen Kamaru ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan iska, tun bayan abin da ya faru a tafkin Nyos a watan Agusta na 1986, inda ta hallaka mutum fiye da 1,700. Hancin da ke yawo tsakanin 20.4 da 21.3 a iska mai tsabta, ko wanda ya ƙi hawa 20.9 bayan saiti, canza shi ake yi.

Famfo, tiyo, da na'urar hayaƙin bututu

Na'urar da ke da famfo, wadda ake zura wa dogon tiyo cikin tanki ko rijiya, kafin a fara aiki a toshe bakin tiyon da yatsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kamata ta yi kukan toshewa. Idan ta ci gaba da zuƙa kamar babu abin da ya faru, to akwai kafa a wani wuri, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: iskar waje ce ke kutsowa ta gauraya da ta cikin tanki, lambar guba ta sauka, ta oksijin ta hau. Rana tana busar da tiyo ya tsattsage, musamman a bakinsa inda ake cusawa, don haka a yanke ɗan bakin da ya buɗe ko a canza tiyon gaba ɗaya. A ɗaura filtar tare ruwa a ƙarshensa, kuma kada a bari ya nutse a abin da ke ƙasan tanki.

Na'urar auna hayaƙin tukunyar tururi ko janareta ita ce ta fi kowace shan wahala, domin hayaƙi yana tafe da zafi da baƙin toka da tururi. Tururin yakan huce a cikin tiyo ya zama ruwa mai tsami da ke cin ƙarfe, shi ya sa aka sa mata ɗan kofin tara ruwa. A zubar da ruwan bayan kowane awo, kada a jira ya kai layin da aka zana, kuma a riƙe na'urar yadda kofin zai tsaya a miƙe, domin ɗigo kaɗan idan ya wuce zuwa famfo da hantuna ya isa ya jawo asara babba. Filtar da ke kusa da kofin, da ta yi toka-toka ko ta jiƙe a canza ta. A kan tsohon janareta mai gazuwal, filta ɗaya tana iya ƙarewa a yini guda, don haka a tafi da guzurin wasu.

A mayar da sifili tun sandar awo tana waje, kuma kada a zura ta a bututu lokacin da ake tayar da inji, domin a wannan lokaci kabon monoksaid yakan yi tashin da zai ƙoshar da hanci ya daɗe bai farfaɗo ba. Idan an gama awo, a zaro sandar a bar famfo yana zuƙar iska mai tsabta har oksijin ya koma 20.9, kabon monoksaid kuma ya sauko kusa da sifili, sannan a kashe. Wanda ya kashe na'ura da hayaƙi a cikinta ya bar hantuna suna jiƙe a cikinsa har gobe. A bar sandar ta huce, a goge tokar jikinta, a kula kada a lanƙwasa siririn ƙarfen auna zafi da ke tsakiyarta, a rataye tiyo bakinsa ƙasa ruwan ciki ya tsiyaye. Ƙananan zobban roba da ke mahaɗa kuma a riƙa duba su, zafi yana sa su bushe su fashe. Ya kamata a san cewa yawancin irin wannan na'ura ta hannu ba ta auna kabon dayoksaid da ingancin ƙuna kai tsaye, lissafa su take yi daga oksijin da zafi da irin man da aka zaɓa mata. Ke nan hancin oksijin da ya tsufa, ko tiyo mai yoyo, yana ɓata duk takardar sakamako, har a je ana kwance injin da lafiyarsa ƙalau. Sau ɗaya a shekara a aika ta wurin wakilin kamfani a yi mata cikakken saiti.

Na'urar hayaƙin mota ta cibiyoyin duba motoci ita ma haka take: a bar ta ta gama dumama, a yi gwajin yoyo kowace safiya, a kuma duba ragowar tururin fetur da ke maƙalewa a tiyo, wanda bai kamata ya wuce ppm 20 ba idan sanda tana iska mai tsabta. Gilasan na'urar auna duhun hayaƙin gazuwal kuwa a goge su da tsumma mai laushi kullum.

Ajiya, batir da rajista

Motar da aka rufe a rana a watan Afrilu, cikinta yana wuce digiri 60, kuma wannan ya isa ya dafa hantuna da batir tare. A ajiye na'ura a cikin akwatinta a ɗaki mafi sanyi, nesa da fenti da mai da wurin cajin manyan batura, domin iskar haidurojin da ke fita daga batir tana sa hancin kabon monoksaid ya yi ƙarya. Da hunturu kada a sa ƙunshin shanye danshi a akwatin, bushewar da ake ciki ta isa. Hancin da ya ƙafe yakan farfaɗo idan ya yi 'yan kwanaki a wuri mai ɗan laima, kuma ni kusa da randa nake ajiye nawa, a kan kanta inda ruwa ba zai taɓa su ba. Da damina kuma akasin haka ne: idan an fito da na'ura daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa waje, raɓa takan kwanta mata, sai a ba ta minti 10 zuwa 15 kafin a mayar da sifili. Caji a ofis ake yin sa da cajar da ta zo da ita, ba a kusa da tanki ba, kuma a goge ƙarafan cajin da busasshen tsumma idan sun yi datti.

Kowace na'ura a ba ta shafi a littafin rajista, a rubuta lambarta, da ranar gwaji, da abin da kowane hanci ya nuna kafin saiti da bayansa, da lambar tukunyar gas, da sunan wanda ya yi aikin. Lambar da ake samu kafin saiti ita ce mai amfani, domin idan ana ganin tana sauka daga wata zuwa wata, an san hancin ya kusa ƙarewa tun bai mutu a wurin aiki ba. Wannan sani yana da muhimmanci a gare mu ƙwarai, saboda ba a fafe gora ranar tafiya. Tukunyar gas kaya ce mai haɗari a dokar sufurin jiragen sama, don haka sau da yawa ta tashar Duwala take shigowa, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan ta bi mota zuwa Garwa da Marwa da Kusseri kafin ta tsallaka Njamena. A yi odar sabuwa tun ta hannu tana da saura wata 3. Hantuna kuwa kada a tara su da yawa a kabad, domin ko a cikin ledarsu tsufa suke yi, kuma na oksijin bai kamata ya wuce kusan wata 6 a ajiye ba.

Na'urar da ta faɗi saiti sau biyu a jere, bayan an canza filta kuma an tabbatar da lafiyar gas da tiyo, a cire ta daga aiki nan take. A liƙa mata takarda mai manyan haruffa da Hausa da Faransanci, da Larabci ma idan a Chadi ne, a rubuta ranar da hancin da ya gaza, a cire batirinta idan mai cirewa ne, a kulle ta a kabad dabam da na masu lafiya, mabuɗin kuma ya zauna a hannun mai kula da rajista har sabon hanci ya iso.